Gayyar Alidu Mai Tarakta

Ni na dafa abincin gayyar Alidu, don haka idan za a ba da labarin a bari in faɗa, domin na ji yadda mazan Nima, unguwarmu ta nan Akra, suke juya shi a ƙofar masallaci har ya koma abin dariya. Sunana Amama. Waache nake sayarwa a bakin lungunmu, wato shinkafa da wake irin namu na nan, tun kafin Bature ya sauke tutarsa. Babu gwauron da ya zauna a wannan ɓangare na Nima da ban san iyakar yajin da cikinsa yake ɗauka ba.

Alidu daga wajen Bawku ya zo. Dogo ne, mai faɗin kafaɗa, magana kuwa sai ka ja ta da ƙarfi kafin ta fito. Matarsa ta rasu a can gida wajen haihuwa, ita da abin da ta haifa, shi ne ya ɗauki tabarmarsa ya yo kudu, ba shi da kowa a Akra. Ya kama ɗaki a gidan haya tare da wani kafinta mutumin Yendi mai suna Sumaila. Shi Sumaila gajere ne, bakinsa ba ya hutawa, ga son a san da shi. Kwano ɗaya suke saye a wurina su sa hannu tare, Sumaila yana zuba surutu, Alidu yana cinye naman.

A wancan lokacin, da jar ƙasa ake gina ɗakunan Nima, kuma ba aikin mutum ɗaya ba ne. Idan mutum ya sami ɗan fili sai ya sayi goro ya raba bayan sallar Juma'a, ya ce ranar Lahadi yana da gayya, tunda ranar ce ba a zuwa aikin kamfani. Maza su fito da sassafe cikin tsofaffin wanduna. Wasu su shiga rami da diga, wasu su jeru da kwanukan ɗaukar ƙasa a ka suna bi ta lungu, wasu su zuba ruwa su tattake laka da ƙafa. Magini daga baya yake zuwa ya ɗora bango a hankali, wannan nasa ne. Ba a biyan kowa ko sisi. Abinci kawai ke kan mai gayya, ni kuma nake dafawa. Idan rana ta take sai a wanke hannu a bar ƙafa yadda take, a tsuguna a kewaye manyan kwanuka, Bamoshe da Bazabarme da Badagombe da Bahaushe, kowa yana Hausarsa yadda ta zo masa. Ba wanda ya taɓa kafa doka, amma kowa ya sani: wanda ya ci a kwanonka da laka a ƙafarsa, ranar tasa sai ka je.

Alidu bai taɓa fashin gayya ba, ko ta wanda bai sani ba. Shi ne cikin rami kullum. Mutumin da zai yi mako bai haɗa magana biyu ba, sai ka ji shi yana rera waƙar garinsu da yaren da ba mai ji, yana watsa wa Sumaila ƙasa a wuya yana ƙyaƙyata dariya. A nan kaɗai na taɓa ganin haƙoransa na ciki. Na gane tun da wuri cewa wasu don lada suke zuwa, wasu don abinci, shi kuwa don mutanen yake zuwa, saboda ba shi da wasu.

Da aka buɗe aikin gine-gine a Tema ya tafi lebura. A can wani direba ya koya masa tuƙa injinan haƙa. Shekara da shekaru ba ya shan taba, ba ya neman aure, riga ɗaya yake zuwa Idi da ita har na fara yi masa gori. Ashe tarawa yake yi. A shekarar da aka canja kuɗi daga fam zuwa sidi, kamfanin da yake yi wa aiki ya gama kwangilarsa yana gwanjon kayansa. Alidu ya aika gida aka sayar da shanun da ubansa ya bar masa, ya haɗa da abin da ya tara, ya sayi wata ƙaramar tarakta.

Ranar da ya shigo da ita ko kare bai zauna a gida ba. Ruwan ɗorawa ce, fentin ya ɗan koɗe. A gaba tana da babban bokiti mai kwashe ƙasa ya ɗaga sama, a baya kuma wani dogon hannu mai gwiwa, da ƙaramin bokiti mai haƙora a ƙarshensa. Idan za ta yi haƙa sai ta sauke ƙafafu biyu ta kafa a ƙasa, Alidu ya juya kujerarsa ya fuskanci baya ya kama sandunan ƙarfe. Yara suka dubi hannun nan a lanƙwashe suka sa mata suna Kunama, sunan ya bi ta. Na tambaye shi me zai yi da wannan dodo. Ya ce zai yi hayar ta ga 'yan kwangila a ranakun aiki, ranar Lahadi kuma ta 'yan unguwa ce, kada wani ya ƙara karya bayansa a rami. Da zuciya ɗaya ya faɗa, yana murmushi kamar yaron da aka ɗinka wa sabuwar riga.

Abin da bai lissafa ba shi ne lungunan Nima. Lungunmu idan mai tallan ruwa ta shigo sai wanda ke fita ya manne da bango. Kunama ko hancinta ba zai shiga ba. Dole ya nemi wani fili a bakin babban gwata mai kwashe ruwan unguwa, ta gefen Maamobi, inda ba gidaje sai juji da ciyawa, ya kafa mata rumfar kwano. Ba a yi wata ba aka sace masa batir, aka yanke tiyon mai. Sai ya kwashe tabarmarsa da butarsa daga ɗakin Sumaila ya koma rumfar da kwana. Ya ce na ɗan lokaci ne.

Gayyar farko bayan haka ta Sumaila ce. Ya sami fili a bakin hanya, zai gina ɗaki ya ɗauko matarsa Lamisi daga Yendi. Maza suka hallara da diga da shebur kamar kullum, ni da 'yata Ayisha muka ɗora tukwane. Sai ga Alidu a kan Kunama. Ya kafa ƙafafunta, ya juya kujera, ya fara. Abin da ake wuni ana yi, ya haƙe, ya kwaso da bokitin gaba, ya juye a filin, ya sa aka kwarara ruwa, ya cakuɗa lakar da hannun bayan nan har ta yi laushi. Hantsi bai gama ɗagawa ba aka ce an gama. Maza suka yi ta tafi da kabbara, Sumaila har da rawa. Alidu ya ƙi karɓar ko kuɗin man gas.

Ni dai ina tsaye da muciya a hannu, shinkafata ko tafasa ba ta yi ba. Mazan nan suka dubi juna, ƙafafunsu tas kamar masu zuwa ɗaurin aure. Kunya ta hana su zama jiran abincin da ba su yi wa gumi ba. Wannan ya ce zai leƙa kasuwa, wancan ya ce yana da baƙo, suka zame ɗaya bayan ɗaya. Alidu ya tafi mayar da Kunama rumfa don yara sun fara hawa kanta. Kafin ya dawo da ƙafa ba kowa a wurin sai ni da Ayisha muna zuba abinci a ƙananan kwanuka ana kai wa gida-gida. Ya tsaya yana waige-waige, ya tambaye ni ina mutane. Na ce masa sun tafi, aiki ya ƙare. Na zuba masa nasa, ya ci a tsaye.

Daga nan abin ya sauya ba tare da kowa ya yi shawara ba. Mai son gini ba ya sayen goro kuma, sai ya aika wa Alidu. Idan filin a bakin hanya yake Kunama ta gama komai. Idan a cikin lungu yake ta zube ƙasa a bakin lungun, mai gini ya kira 'yan kaya-kaya, wato 'yan dako, daga kasuwa su kwashe masa. Kowa ya ce an huta. Ni ma tukwanen gayyata suka koma ajiyar ruwa. Alidu kuwa aiki ya buɗe masa, yau ramin harsashi a Kokomlemle, gobe magudanar ruwa a Alajo, har 'yan kwangila suna layi.

Sai girmamawa ta fara, wadda ni a ganina ita ta kashe shi a tsaye. Sumaila ne ya fara ce masa Massa, wato maigida, da wasa, wasa-wasa sunan ya zauna, har Sumailan ma ya daina dariya idan ya faɗa. Idan Alidu ya zo cin waache, mazan da ke kan benci sai su miƙe su bar masa bencin gaba ɗaya. A wurin suna ko sadaka a kawo masa kujera mai jingina, a zuba masa nasa daban a faranti har da cokali. Mutumin da ya saba kokawar nama da Sumaila a kwano ɗaya, ga shi zaune shi kaɗai yana fama da cokali kamar akawu. Wata rana a gabana ya tura wa Sumaila kwanonsa ya ce bismilla. Sumaila ya ce ya ƙoshi, alhali yanzun nan ya ce in zuba masa nasa.

Ga kuma ƙarar injin. Wuni guda yana zaune a kanta, a hankali kunnensa ya yi nauyi. A yi masa sallama daga baya bai ji ba, sai aka fara cewa kuɗi sun sa masa girman kai. Na yi faɗa a kan wannan har muryata ta dushe, amma mazan Nima idan suka riga suka yanke wa mutum hukunci, ko limami sai dai ya haƙura. Kujerar Kunama kuma ta mutum ɗaya ce. Lebura yana da na gefensa da za su yi gulmar mai kwangila tare, shi kuwa daga safe har yamma ba ya ganin fuskar kowa sai ramin da ke gabansa.

Wani lokacin damina ya yi kwana biyu bai zo cin abinci ba, na rufe tukunya da rana na ɗauki koko na bi bakin gwata. Na same shi kwance da zazzaɓi a tabarma, a tsakanin gangunan man gas da tayar Kunama. Buta ɗaya, fitila ɗaya, riga a rataye a ƙusa. Sauro kamar a kwashe da hannu. Na tambaye shi wa ya zo duba shi, ya ce ba wanda ya san ba shi da lafiya. Raina ya ɓaci ƙwarai, tausayinsa kuma ya kama ni, na rufe shi da faɗa don kada in yi kuka. Ya bari na gama, sannan ya gaya mini ya sami ɗan fili a can tsakiyar Nima, bayan masallacin Zabarmawa, inda ko amalanke ba ya shiga. Zai gina ɗaki biyu, ya ɗauki mai gadi ya bar wa Kunama, shi ya koma cikin mutane. Ya ce ya gaji da jin kukan kwaɗi, yana so ya ji maƙwabci yana tari ta bayan bango. Kuma gayya zai kira.

Na ce masa wace irin gayya, kai da za ka iya ɗaukar leburori su gama maka a mako guda.

"Mma, ba lebura ni ke so ba koraa, ko kaɗan," in ji shi. "Ni na je na kowa. Yanzu su ma su zo nawa, mu yi kaman da."

A nan na ga ba ɗakin ne ya dame shi ba.

Da ruwa ya ɗauke ya sayi goro fari mai kyau, ya tsaya a ƙofar masallaci bayan Juma'a ya raba da hannunsa, yana cewa ranar Lahadi yana da gayya. Kowa ya karɓa da hannu biyu, ana Allah ya sanya alheri, Massa, in sha Allahu za mu zo. Ranar Asabar ya wuni yana jigilar jar ƙasa da Kunama, ya tara tudu guda a bakin lungun. Ya ari kwanukan ɗaukar ƙasa wurin wani ɗan kwangila, ya sa aka cika ganguna da ruwa. Ya sayo rago, ya kawo mini buhun shinkafa, ya ce kada in yi tsimin komai. A manyan kwanuka yake so a zuba, ya maimaita mini wannan har sau biyu, kada ya ga faranti a wurin.

Ranar Lahadi ni da Ayisha muka hura wuta bayan asuba a ɗan filin da ke gefen nasa. Alidu ya riga mu zuwa. Ya nemo tsohon gajeren wandonsa na gayya, wanda yanzu ya ɗan matse shi, ba riga ba takalmi. Ya jera kwanukan nan a bakin lungu, kowanne da gammonsa. Yana ta kai da kawo, yana leƙa wannan kwana yana leƙa waccan.

Rana ta fito, ba kowa. Ya ce wataƙila sun tsaya shan koko. Ya ɗauki kwano ɗaya ya cika ya aza a ka, ya bi lungun ya juye, ya koma. Hantsi ya yi, ba kowa sai mata masu wucewa da suke gaishe shi suna sunkuyar da kai don kunyar ganinsa ba riga. Ya ci gaba. Lungun da nisa, ga kwana-kwana, ga kwatami a tsakiya. Tun ina ganin yana waiwaye idan ya ji taku har ya daina. Da ƙasar ta ɗan taru ya zuba ruwa ya shiga yana tattakawa shi kaɗai, ba waƙa. Ayisha ta ce mini a hankali ko ta je ta kira Baba Sumaila, na ce ta zauna, wanda ya ci goro ba ya bukatar ɗan aike.

Ana gab da azahar sai ga su. Wallahi da na hango su sai da na ajiye ludayi. Sun sha wanka, manyan riguna farare an buga musu shuɗi da guga, huluna, turare yana tashi. Sumaila a gaba da babbar rigarsa ta Idi, malamin unguwa a gefensa, wani na biye da su ɗauke da kujera mai jingina. Sun yi tsammanin gayyar mai tarakta suna ce kawai. A tunaninsu leburori sun gama aiki tun da safe, su kuma an kira su ne su yi wa harsashi addu'a su ci rago. Ba mugunta suka yi ba, na yarda da wannan. Amma da ɗaya daga cikinsu ya taɓa zuwa rumfar nan ya zauna da shi ko na shan ruwa, da ya san abin da mutumin nan yake nufi.

Suka same shi tsundum cikin laka har gwiwa, gumi yana bin bayansa. Sai kuma suka rufe shi da salati da ban haƙuri, wai haba Massa, kai da kanka, ina yaranka suka shiga, ai wannan abin kunya ne a gare mu. Wani ya karɓe shebur daga hannunsa ya jingine. Wani ya ruga bakin kasuwa, kafin ka ce me sai ga 'yan kaya-kaya sun zo sun kama kwanukan. Aka dasa kujerar a inuwa ana ta cewa ya fito ya huta.

Alidu bai fito ba. Ya dubi Sumaila, ya yi magana da ƙarfi yadda masu nauyin kunne suke yi, kowa ya ji.

"Sumaila, cire riga ka shigo."

Sumaila ya yi 'yar dariya yana duban mutane, ya ce Massa akwai wasa paa, wato sosai.

"Ba wasa ba. Ni na haƙa naka. Cire riga ka shigo, ko kai ɗaya."

Na ga Sumaila ya kai hannu wuyan rigarsa, har ga Allah na gani. Sai ya waiwaya ya ga idanun da ke kansa, ya sauke hannun. Ya matso bakin lakar yana tattare gefen rigar kada ta taɓa, ya rage murya, amma ni ina kusa.

"Alidu, ka gane mana. Da, ni da kai ɗaya ne. Yanzu in na shiga laka a gidanka kyauta, gobe duk Nima za su ce Sumaila ya zama yaron Alidu, yana neman wani abu. Ni ma ina da iyali, chale, aboki. Ka fito, kana ba mu kunya."

Rabon da in ji ya kira shi da sunansa tsura na manta, kuma a wannan maganar ya kira. Alidu ya tsaya yana kallonsa. Sannan ya taka a hankali ya fito. Suka zaunar da shi a kujerar, wani ya yafa masa mayafi a kafaɗa, malam ya ja doguwar addu'a ana ta amin. 'Yan kaya-kaya suna wucewa ta gabansa da ƙasarsa a kai.

Na zuba abinci a manyan kwanuka kamar yadda ya ce. Mazan suka naɗe hannun riga suka kewaye su, suka ci rago har da suɗe ƙashi, ana hira ana yabon Massa. Shi kuwa wani mai karambani ya aika gidansa aka kawo faranti da cokali, aka ɗora masa a cinya. Na so in kifar da farantin nan a kan mai kawo shi, Ayisha ce ta riƙe mini zane. Alidu bai taɓa abincin ba. Da suka gama suka bi layi suna ba shi hannu, kowa da ɗan rusunawarsa, suka watse suna cewa an yi taro mai kyau.

Da la'asar muna wanke tukwane ya zo ya tsuguna kusa da ni. Ya tsinci wani tsinke yana wasa da shi a ƙasa.

"Mma, in na sayar da shi fa? In ba ni da tarakta kuma, za su zo?"

Na so in ce masa e, don ya samu ya yi barci. Amma ban taɓa auna masa abinci da ƙarya ba, ba zan fara a ranar ba. Na ce masa za su zo, amma jaje za su zo yi masa. Za su ce Massa ya karye, su zauna su yi ta tausaya masa, bayan sun fita su yi ta lissafin abin da ya cinye dukiyar. Wanda aka taɓa miƙe wa a benci ba a komawa a matsa masa ya zauna. Sai da na maimaita da ƙarfi kafin ya ji duka. Ya gyaɗa kai ya ce to. Ya ce ragowar abincin in ba yaran da suka kwashi ƙasa.

Bai sayar da Kunama ba. Magini da leburori suka tayar da ɗakunan cikin 'yan makonni, bango ya bushe, aka zo maganar rufi. Duk unguwar ba kafintan da ya kai Sumaila iya buga kwano, kuma shi Alidu ya kira. Tun muna 'yan mata ba a taɓa jin aboki ya rufa wa aboki ɗaki ya karɓi lada ba, ko an miƙa masa sai ya ture hannun ya ce kada a ɓata zumunci, a yi ta ja-in-ja har a ƙare da goro. Ranar da aka gama na kai musu abinci, na tarar Sumaila ya sauko daga tsani yana kaɗe wandonsa. Alidu ya sa hannu a aljihu ya fito da kuɗin a naɗe. Bai miƙa kai tsaye ba. Ya riƙe su a tsakaninsu, hannun a ɗan janye, idonsa a kan fuskar Sumaila, yana jira.

Sumaila ya goge tafinsa a wando, ya sa hannu biyu ya karɓa, ya rusuna.

"Na gode, Massa. Allah ya ƙara arziki."

Ya ɗauki gudumarsa da zartonsa ya bi lungu. Alidu ya tsaya a ƙofar sabon ɗakinsa yana kallon bayansa har ya sha kwana, hannun nan nasa bai koma aljihu ba.